Tafintar Da Ta Ƙi Zaɓar Wa Kurame Fuska

Kafin ta kurɓi ko da shayi, hannuwanta take fara jiƙawa. Ƙaramar roba take cikawa da ruwan ɗumi, ta zauna a bakin gado ta tsoma su har wuyan hannu, tana motsa yatsun ɗaya bayan ɗaya har su yarda su lanƙwasa. Wata rana su yarda da wuri, wata rana sai ta yi ta lallashinsu. Daga nan ta zura doguwar riga mai duhu marar zane. Ba zobe, ba awarwaro, ba agogo, don ta ce duk abin da ke ƙyalli a hannu surutu ne a idon kurma. Sai ta rataya jaka ta fita neman motar haya, ta nufi duk inda aka kira ta ranar, ko asibiti, ko kotu, ko ofishin 'yan sanda.

Tafinta muke ce mata, yara da manya. Aikinta shi ne tsayawa tsakanin kurma da mai ji, ta mayar da maganar baki ta koma ta hannu, ta hannu kuma ta koma ta baki. A wannan watan ta ajiye aikin, ba don ta so ba. Likita ne ya duba gaɓoɓin yatsunta da suka kumbura ya ce mata ko ta huta ko su ƙage gaba ɗaya. Ba a yi mata taro ba, ba a ba ta ko takardar yabo ba, domin wurin da ya kamata ya yi mata haka yana rufe da kwaɗo. Shi ya sa na ce bari ni in yi, da alƙalamina, tun tana raye.

Ni mai sayar da magani ce a wani ɗan shago. 'Yata ta fari zazzaɓi ya tafi da jinta tun tana rarrafe. Ranar da na fara kai ta cibiyar kurame ta garinmu, ina riƙe da ita ina ta ɗaga murya a kunnenta wai ta gaida mutane, sai wata mata siririya ta dafa kafaɗata ta ce, “Maman yarinya, ihun ya isa haka. Sake ta, ki koma gabanta ki kalle ta.” Na koma gabanta. Wallahi ranar na fara ganin cewa 'yata tana da abin faɗa, ni ce ban iya saurare ba.

Matar nan ita ce Tafinta, tun daga nan nake ganin aikinta. Na ga ranar da 'yar tawa take naƙuda, ungozoma na cewa ta yi nishi, ita kuwa ba ta ji, ta firgita tana neman dirowa daga gado. Tafinta ta hau kan kujera a ƙarshen gadon don yarinyar ta riƙa ganinta, ta tsaya a nan tana yi mata magana da hannu har jikata ta faɗo. Wani magatakardan kotu kuma ya ba ni labarin wani kurma mai gyaran takalmi da aka kusa ɗaurewa, don duk abin da alƙali ya faɗa sai ya gyaɗa kai, irin gyaɗa kan da kurame ke yi don girmamawa in ba su gane ba. An riga an rubuta ya amsa laifi. Ita ce ta shigo da gudu, gyale a hannu, ta roƙi a sake tambayarsa daga farko. Mutumin ya kwana a gidansa.

Ba a makaranta ta fara koyon maganar hannu ba, a gida ta tashi da ita. Yayanta kurma ne, kafinta ne kuma a cibiyar, har 'yan unguwa na tsokanarsu da cewa gidan Tafinta da Kafinta. Ya girme ta sosai. Shi ya goya ta, shi ya koya mata motsa yatsu kafin bakinta ya buɗe, kuma da mahaifinsu ya rasu, da zarto da guduma ya yi mata makaranta. Kowa Yaya yake ce masa, har mu da ba mu haɗa komai da shi ba. Bayan matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka watse neman abinci, sai gidan ya rage su biyu, ƙofarta na kallon tasa. Kullum da yamma za ka same su a tsakar gida, kujera na fuskantar kujera, hannuwa na ta tashi, suna gulmar duk wanda ya wuce ba tare da ya sani ba.

Akwai abu biyu da ya kamata mai karatu ya sani game da kurame. Na farko, a wurinsu fuska ita ce murya. Da ita suke gane mai wasa da mai fushi, kuma da ita suke raɗa wa mutum suna, su duba wani abu a fuskarka su mayar da shi alamarka har abada. Na biyu, mai ji ko ya yi fushi da kai kunnensa a buɗe yake, dole maganarka ta shiga. Kurma kuwa in ya kawar da kai, shi ke nan, ba ka da wata hanya. Ko za ka mutu a gabansa ba za ka iya ce masa yi haƙuri ba.

To, sai aka zo da ƙuri'ar raba gardama. Tambayar doguwa ce, an lanƙwasa ta da harshen lauyoyi, amma gundarinta shi ne a rushe majalisun garuruwa a mayar da ikonsu hannun gwamnatin tsakiya, eh ko a'a. Shugaban jam'iyya mai mulki ya ce eh. Mutum ne fari tas mai fara'a, kurame suna kiransa Mai Wushirya, alamarsa a taɓa haƙoran gaba da ɗan yatsa. Jagoran 'yan adawa ya ce a'a. Shi kuma dattijo ne da ko a hoton kamfe ba ya sakin fuska, suka sa masa Mai Gira, alamarsa a haɗe girar ido da yatsu biyu. Kafin ka ce me, gari ya cika da fasta. Kowane bango, kowane turken lantarki, har ƙofar shagona ba su bari ba. Fuska ƙatuwa, a ƙarƙashinta kalma ɗaya. Tambayar kanta kuwa ban taɓa ganinta manne a bango ba, ko sau ɗaya.

Kada wani ya ɗauka kurame ne kaɗai suka bi fuska. Maigidana da kunnuwansa biyu lafiya lau, rediyo kullum a kafaɗa, ya ce shi a'a zai dangwala. Na ce saboda me? Ya ce, “Ni murmushin mutumin nan ne ba ya yi min.” Na ce to me ake tambaya a takardar? Ya ce, “Oho, ke ma dai da neman magana.” Haka masu zuwa shagona, kowa da fuskar da yake so ko wadda ya tsana. Bambancin kawai, mu muna da inda za mu ji in mun ga dama, kurame kuwa ba su da kowa sai Tafinta.

Kuma Mai Wushirya yana da wuri na musamman a zuciyarsu. Ya taɓa kawo ziyara cibiyar, ya shigo zaure ya ɗaga hannu ya yi alamar “ina ƙaunarku” da maganar hannu. Zauren ya rikice, tsofaffi suna kuka. Ya rungume Yaya, da garin katako a rigarsa da komai, aka ɗauki hoto. Yaya ya yi wa hoton nan firam da hannunsa, da katako mafi kyau da yake da shi, ya rataye a saman teburin aikinsa. Kullum sai ya goge shi kafin ya taɓa zarto.

Ɓangarorin biyu duk sun zo wajen Tafinta. Masu eh suka ce ta fito a bidiyo ta taɓa haƙoranta kawai, ba sai ta ce komai ba, su kuma za su sa ta a kusurwar talabijin duk lokacin da shugaba zai yi jawabi. Masu a'a suka ce ita ma ta san gaskiya, ta haɗe gira a gaban mutanenta a wuce wurin. Ta ce da kowannensu jawabin shugabanninku zan fassara shi yadda aka faɗe shi, amma hannuna ba fasta ba ne. Suka fita suna zaginta, kowane ɓangare na cewa ɗayan ya saye ta.

Abin da ta yi maimakon haka shi ne ta nemo cikakken bayanin gyaran da ake son yi, ta yi ta fama da shi tana bin lauyoyi da tambaya, sannan ta tara kurame a zauren cibiyar. Ina wurin, na raka 'yata. An jera bencuna kamar rabin da'ira don kowa ya ga hannun kowa. Ta zana akwatuna a allo, ga gari, ga majalisa, ga gwamnatin tsakiya. Ta faɗi hujjar masu eh tsakani da Allah, cewa kansiloli da yawa ɓarayi ne, kuma in iko ya koma wuri ɗaya za a san wanda za a kama. Ta faɗi ta masu a'a, cewa wanda ke nesa ba ya jin kukan na kusa. Gumi har ya jiƙa mata riga.

Wata tsohuwa mai wankau, da muke kira Goggo, ta ɗaga hannu ta ce, “'Yar nan, duk mun gani, sannunki. Yanzu dai taƙaita mana. Haƙori ko gira?”

Aka bushe da dariya. Tafinta ma ta murmusa, ta ce, “Goggo, babu haƙori a takardar nan, babu gira. Tambaya ce, ku za ku amsa.”

Sai 'yata ta miƙe ta tambaya, wa yake biyan malaman cibiyar nan da kuɗin wutarta? Tafinta ta ce majalisar gari. Ta ce to in an rushe majalisar fa?

“Na karanta, na sake karantawa, ba a faɗa ba,” in ji Tafinta. “Na je ofishin masu eh, sun ce kada mu damu. Na je na masu a'a, sun ce su ma ba su duba wannan ba. Iyakar abin da na sani ke nan.”

A nan ne Yaya ya tashi daga bencin gaba, ransa a ɓace. Ya ce, “Ke Auta, tsoro kike ba mutane. Mutumin da ya shigo nan ya rungume ni da dattina, shi ne zai rufe mana wuri? Tun da aka haife ni wane babba ne ya taɓa yi mana magana da hannu? Wanda ya zauna ya koyi harshenmu ai yana ƙaunarmu. Ko ƙarya na yi? Faɗa musu, ai kina wurin!”

Na san matar nan, na san da za ta iya haɗiye maganar da ta haɗiye. Amma a gaban mutane ya tambaye ta, kuma duk rayuwarta ba ta taɓa ba kurma amsar da ba ita ba ce don ta faranta masa. Ta ce, “Yaya, bai koyi harshenmu ba. Alama ɗaya ce, kuma ni na koya masa ita a bakin ƙofa, yana fitowa daga mota. Yaransa ne suka ce in nuna masa wani abu mai sauƙi.”

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya sunkuya ya ɗauki hularsa, ya juya mata ƙeya a gaban kowa, ya fita. Ta bi shi har tsakar fili tana taɓa kafaɗarsa, ta sha gabansa, sai ya rufe ido. Ya tsaya a rana ido rufe har ta gaji ta matsa.

Ranar ƙuri'a ta wuni a bakin rumfar zaɓe tana nuna wa kurame yadda ake dangwalawa da yadda ake naɗe takarda, ba ta nuna wa kowa gefen da zai bi ba. Yaya ya zo cikin sabon ɗinki, ya wuce ta gabanta idonsa na kan bango. Eh ta yi nasara da rata mai yawa, a cibiyar ma kusan kowa haƙori ya bi.

Ba zan yi ƙarya in ce komai ya lalace ba. An gyara babban titi, an kuma ɗaure wasu kansiloli da suka cancanci ɗauri. Amma cibiyar kurame ta zama marainiya. Majalisa ta tafi, ma'aikatar ilimi ta ce wannan aikin walwala ne, ta walwala ta ce ai makaranta ce. Tafinta ta yi ta zarya tsakanin ofisoshi har takalminta ya cinye. Aka yanke wuta, malamai suka daina zuwa ɗaya bayan ɗaya, wata safiya muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Mai Wushirya ban ce ya yi da gangan ba, ina jin ko tunawa da wurin bai yi ba, kuma wannan ya fi ci min rai. Mai Gira ma ko uffan bai ce ba. A amalanke aka kwaso wa Yaya kayan aikinsa, hoton nan yana rungume da shi a ƙirji. Ya kai shi gida ya sake rataye shi.

Kowa ya ɗauka yanzu zai sauko, tunda abin da ake tsoro ya faru. Ina! Sai ma ya ƙara tauri. Ni dai a ganina kunya ce ta riƙe shi, amma Allah ne masani. Shekara da shekaru suna gida ɗaya, tana dafawa tana ajiye masa a ƙofa, yana ci yana wanke kwanon ya mayar, bai yarda idonsa ya sauka a kanta ba. In ta shigo tsakar gida ya kalli bango. Dangi sun yi magana, abokansa sun yi, ni kaina na je na yi masa faɗa da ɗan guntun maganar hannun da na iya, ya bar ni na gama sannan ya miƙo min kujerar da na kawo gyara. Wasu kuramen ma suka ƙaurace mata, wai bakinta ne ya jawo. Ita kuwa ta share barandarta ta tara yaran da cibiyar ta watsar tana koya musu, ba ko sisi. Sau ɗaya tak na ga ta yi kuka, a shagona, ta ce min, “Mutanen gari duka ina fassara musu, amma na rasa wanda zai fassara ni a wurin Yaya.”

Baiwar Allah, ke ce kunnen marasa ji. Ke ce kika tsaya a rana kika ƙi zama fasta, alhali taɓa haƙori sau ɗaya da ya saya miki zaman lafiya da ɗan'uwanki da kujera a talabijin. Kin ɗauki mutanenki a matsayin masu hankalin da za a yi wa bayani, lokacin da manyan ƙasa suka ɗauke mu duka, masu ji da marasa ji, a matsayin waɗanda za a yi wa murmushi kawai. Kin biya da abin da ya fi komai tsada a wurinki, kuma ban taɓa jin kin ce da kowa ai na faɗa muku ba.

Ciwon suga ya daɗe a jikin Yaya, a bara ya sauka a idonsa. Gani ya yi ta raguwa har ya zama sai haske da duhu. Kurma kuma makaho hanya ɗaya ta rage masa, ya ɗora tafinsa a kan hannun mai magana ya bi motsin yatsu. Wata safiya na kai masa maganin ɗigawa, na tarar da Tafinta a baranda hannuwanta cikin robar ruwan ɗumi. Muna gaisawa sai ga shi ya fito yana lalube da bango. Ya bi bangon nan har ya zagayo ƙofarta, ƙafarsa ta bugi robar, ya durƙusa. Ya sa hannu cikin ruwan ya kamo nata. Ya shafa gaɓoɓin da suka kumbura ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe yana shafawa. Ni dai na ƙame da leda a hannu.

Sai ya ɗago hannuwansa ya ce, “Waccan takardar. Me ta ce? Faɗa min daga farko.”

Ta faɗa masa. Ga gari, ga majalisa, ga gwamnatin tsakiya, hujjar masu eh, hujjar masu a'a, yana riƙe da yatsunta tana cije leɓe saboda zafi. Har rana ta ɗaga ba ta tsallake komai ba. Da ta gama ya ce, “To me ya kamata in zaɓa?”

Ta ce, “Yaya, wannan naka ne.”

Ya yi wata irin dariya da hawaye a ciki, ya ce har yanzu taurin kanki na nan. Sannan ya kai hannu fuskarta, ya bi goshi, ya bi kumatu, ya tsaya. Ya ce, “Auta, yaushe kika tsufa haka?” Duk shekarun da yake da ido bai kalle ta ba, yanzu yana so ba hali.

Mun gode, Tafinta. Na gode a madadin 'yata da jikata, da mai gyaran takalmi, da yaran barandarki. Allah ya sassauta miki ciwon hannun nan, ya saka miki da abin da mu ba za mu iya ba.

Ku kuma masu karatu, na ji an fara raɗe-raɗin wata ƙuri'ar, masu buga fasta har sun fara wasa wuƙa. Don Allah kafin ku kalli fuska ku nemi tambayar ku karanta. Wanda ya gane ya zauna da wanda bai gane ba ya yi masa bayani, ɓangare biyun duka, sannan ya bar shi da zaɓinsa. Matasa kuma a samu waɗanda za su je barandar nan su koyi maganar hannu tun mai koyarwar tana iya ɗaga yatsa, don yau in kurma ya shiga kotun garin nan babu mai tsaya masa.

Hoton yana nan a ɗakin Yaya, ƙura ta rufe shi, Mai Wushirya na ta murmushi babu mai kallo. Da safe yanzu Yaya ne yake lalubowa ya zuba mata ruwan ɗumin a roba. Sai ya fara tsoma nasa hannun ya ji ko ya yi zafi da yawa, sannan ya kamo nata ya sa a ciki.